A taimaka min, me za mu kira "fotfoliyo" da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Mai Shirin Ilimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza min da gaggawa, gobe ƙarfe 10 na safe zan naɗi shiri a rediyo kan yadda ake neman gurbin karatun zane da ƙira a jami'o'in Birtaniya. Sauran bayanin duk na samu bakin zarensa, cewa ta UCAS ake nema, wato cibiyar da ke karɓar takardun masu neman shiga jami'o'in ƙasar, ɗalibi yana da zaɓi 5, kuma a watan Janairu ake rufewa in yana so a duba takardunsa tare da na kowa. Inda na maƙale shi ne fotfoliyo. A wannan fannin fa sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya shigar da kai, sai ka tattara aikin hannunka, zanen fensir, fenti, hotuna, har da littafin da kake gwaje-gwaje a ciki, ka tura su gani, wasu ma su kira ka intabiyu ka yi bayani da bakinka. Wannan tarin me zan ce masa?

Malamin Zane daga Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Kundin ayyuka. Haka nake ce wa ɗalibaina kuma suna ganewa.

Ɗan Kurmi:
Jakar ayyuka fa? Ai asalinsa jaka ce ƙatuwa mai faɗi da ake zuba takardun zane.

Dattijon Sakkwato:
Me ya kai ku nesa alhali muna da kalma tun kaka da kakanni? GAFAKA. Jakar fata da malami ke adana littafinsa ya rataya a kafaɗa. Yaro ya ɗauko gafakarsa ya kai gaban malamai su duba, ina abin da ya rage? Ni na fi shekara 20 ina cewa a farfaɗo da kalmar nan.

Mai Shirin Ilimi:
Baba na gode, kalmar ta yi min daɗi a kunne wallahi, sai dai ni da na ji gafaka Alƙur'ani ke faɗo min a rai, kuma ina tsoron masu sauraro su ce an ɗauki abin da ake saka Littafin Allah an ba zanen hotuna. Ga shi yanzu yawanci ba jaka ba ce ma, a kwamfuta ake lodawa.

Dattijon Sakkwato:
'Yata, shi kundin da ake so ki ɗauka ba na malamai ba ne? Ba a ciki suke rubuta laƙani da sirrinsu ba? Amma kuka ce kundin tsarin mulki, kuka ce kundin digiri, ba wanda ya ɗaga murya. Kalma tana faɗaɗa in an ba ta dama. Abin da ke damuna shi ne duk kalmar da ba a ji ta a gidajen rediyon Kano ba sai a ce ta tsufa.

Ɗan Kurmi:
Haba Baba, me ya kawo Kano cikin maganar nan kuma? Gafaka ai mu ma mun san ta, a kasuwarmu dukawa ke ɗinka ta har gobe.

Bamaraɗiya:
Mu nan Nijar ɗalibai dosiye suke cewa, daga Faransanci. Ban ce a ɗauka ba, amma ku riƙa tunawa shirin nan har Maraɗi da Damagaram ana jin irinsa, fotfoliyo kam ba mu san shi ba sam.

Dattijon Sakkwato:
To kun gani. Wannan ya ara daga Ingilishi, wancan daga Faransanci, sai mu kasa fahimtar juna da harshen uwarmu. Abin da zafi.

Malamin Zane daga Zariya:
Ranka ya daɗe zafin nan ni ma ina jinsa, garin nan ne fa aka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, amma har yau ba mu zauna mun daidaita kalmomin fannin da Hausa ba. Dalilina na ƙin jaka ko gafaka shi ne su mazubi ne, masu tantancewa kuma ba mazubin suke dubawa ba. Na taɓa ganin yarinya ta kawo zane 15 duk an gama su tsaf an goge, ta ɓoye littafin gwajinta don wai ya yi datti da gawayi, alhali shi aka fi son gani, yadda tunani ya faro, inda ta kuskure ta sake. Kundi shi ya ɗauke wannan ma'anar, abin da aka tara a hankali.

Tsohuwar Ɗalibar Landan:
Gaskiya ne Malam. Malama ki kuma kula da shekarar nan guda da da yawansu ke yi bayan sakandare kafin digiri, a nan ake haɗa ayyukan. A zamaninmu ma hanya biyu ce a UCAS, A da B, ta B sai Maris ake rufewa don su samu lokaci, amma an daɗe da soke wannan. In kika ce wa shekarar nan "share fage" mutanenmu za su ɗauka irin na wanda bai ci jarrabawa ba ne, kuma ba haka ba ne.

Ɗan Kurmi:
Shekarar aza tubali?

Malamin Zane daga Zariya:
Ya yi kama da bikin fara gini. Ni dai share fagen zan bari, a ƙara bayani.

Tsohuwar Ɗalibar Landan:
Ban gamsu ba gaskiya, amma ba ni da wadda ta fi ta yanzu.

Mai Shirin Ilimi:
Dare ya yi, ga abin da zan yi. Zan ce "kundin ayyukan zane", in ambaci fotfoliyo da dosiye sau ɗaya a farko don wanda zai je cike fom ya gane abin da ake nufi. Ɗayar kuma "shekarar share fagen zane", in bayyana cewa ba ta gyaran jarrabawa ba ce. Baba ka yi haƙuri.

Dattijon Sakkwato:
Ba komai 'yata, shirinki ne, Allah ya ba da sa'a. Kundin ba laifi. Amma ni a rubutuna gafaka zan ci gaba da sawa.