Neman kalma: kayan adon naɗaɗɗiyar Attaura, kafin gobe da safe

Tafinta: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 za a ɗauki shirin rediyo kan kayan da Yahudawa ke yi wa Attaura ado da su a majami'a, kuma kalmomi shida na Ibrananci sun maƙale mini wajen fassara: rimonim, keter, tas, yad, me'il da tik. Attaurar nan ba mai shafuka ba ce. Fata ce da aka rubuta da hannu, aka ɗinke da jijiya, aka naɗe a jikin sanduna biyu. Ku taimaka da abin da mai sauraro zai gane ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Maƙerin Fari: Wa alaikumus salam. Bi su yadda ake sa su, za ka ga aikin kowanne. Idan an gama karatu sai a naɗe, a ɗaure tsakiya da ɗamara don kada fatar ta saki. Sai a zura me'il ta sama, yawanci karammiski ne, da huda biyu inda kawunan sandunan ke leƙowa. Wannan riga ce, ka ce riga. Sai a rataya tas da sarƙa a wuyan sandunan, a rataya yad, a ƙarshe a ɗora keter ko rimonim. Keter guda ɗaya ne, ya rufe sanduna biyun tare, ka ce kambi. Rimonim biyu ne, kowanne da bututu a gindi da ake cusawa a kan sanda ɗaya, jikinsu da 'yan ƙararrawa.

Malama Mai Nahawu: Yad da sauƙi: manuni. Sanda ce siririya, a bakinta ɗan hannu da yatsa a miƙe. Mai karatu na bin layi da ita saboda ba a taɓa rubutun da hannu, kuma gumi da maiƙon yatsa na cin tawada. Harafi ɗaya ya goge, ba a karatu da naɗin a bainar jama'a sai marubuci ya gyara.

Ɗan Gargajiya: Manuni na yarda. Rimonim kuwa, zanko. Ku dubi soron Kano ko na Damagaram, abin da ke tsaye a kusurwa yana ƙawata gini. Biyu ne, zankwaye. Magana ta ƙare.

Maƙerin Fari: Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Zanko a jikin gini yake, ba a cire shi. Waɗannan kuwa duk Litinin da Alhamis da Asabar da za a yi karatu sai an zare su kafin a buɗe naɗin. Kuma ma'anar sunan rimonim ita ce rumman. A littafin Fitowa na cikin Attaura, sura ta 28, an ce a yi wa bakin rigar babban firist ado da rumman da ƙararrawar zinariya, kuma da wannan ake danganta su. In ka ce zanko, ka yar da labarin da shirin ke son bayarwa.

Ɗan Gargajiya: Rumman Larabci ne. Kullum sai mun je maƙwabta aron kalma kamar ba mu da gado?

Malama Mai Nahawu: Malam, Attaura fa? Littafi fa? Rumman ya daɗe a bakin Bahaushe, ko a kasuwa da shi za ka tambaya. Sannan zanko a kunnen wasu na kan zakara ne, ko na askin yara. A rediyo babu hoto, mai sauraro zai ɗauki wanda ya fara zo masa.

Ɗan Gargajiya: Hausar gidan rediyo ce ta kai mu nan. Ku tambayi magina, ba 'yan ofis ba.

Maƙerin Fari: Gaskiya ɗaya da kake da ita: ba duka ne ke kama da rumman ba. Na Amsterdam da Italiya da yawa hasumiya ce hawa-hawa. Mafi tsufa da aka sani ma, na ƙarni na 15 daga Sisili, waɗanda ke ajiye a babban cocin Palma a tsibirin Mayorka, siffar hasumiya gare su. Amma masu abin ba su canza musu suna ba.

Tafinta: Don Allah a dawo, dare na yi. Tas fa? Garkuwa?

Malama Mai Nahawu: A'a, ba ya kare komai. Faranti ne na azurfa da 'yar taga a ƙasa, ana zura ƙaramin ƙarfe mai sunan rana, Asabar ko Idin Ƙetarewa. Idan za a karanta wuri biyu a rana ɗaya, ana shirya naɗi biyu tun da wuri, domin juya fatar daga wani babi zuwa mai nisa na cin lokaci. Tagar ce ke nuna wanne ne wanne. Allon ƙirji ya fi, akwai rubutu a cikin kalmar.

Ɗan Gargajiya: To tik gafaka ce, wannan kam ba wanda zai ja.

Maƙerin Fari: Zan ja kaɗan, Malam. Gafaka jaka ce, ana fito da takardun. Tik katako ne zagayayye, sau da yawa an lulluɓe shi da azurfa, yana buɗewa gida biyu da maƙala. Yahudawan Iraki da Iran da Indiya ba sa fito da naɗin, a tsaye suke kafa shi su karanta. Masu riga, irin na Jamus da Poland, su ke tuɓewa su kwantar a teburi. In an ce akwati kuma, za a ruɗa shi da ma'ajin bango inda ake ajiye dukkan naɗe-naɗen.

Malama Mai Nahawu: Akwatin tsaye, ma'ajin kuma a bar shi ma'aji. Bai yi daɗi ba amma ba ruɗani.

Tafinta: Na ɗauki riga, kambi, manuni, allon ƙirji. Rimonim zan ce rumman na azurfa, in ƙara da cewa suna zaune a kan sandunan kamar zankwaye. Tik zan faɗi sunansa, in biyo da akwatin tsaye. Na gode.

Ɗan Gargajiya: "Kamar" ɗin nan dai ban so ba. A sa zanko a gaba, rumman a baya.

Tafinta: An riga an tura wa mai gabatarwa, Malam.