Tambaya kan ciro haidurojin daga iskar mitan ba tare da zafi mai yawa ba

Ummi_Kofar_Soro:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu kemistiri ku taimaka man. Ina aji huɗu, furojet ɗina kan katalis ɗin da ke fidda haidurojin daga mitan (gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa) ne, to duk inda na karanta sai in ga ana maganar zafin digiri 700 zuwa 1000 na Salshiyos, ni kuma malamina cewa ya yi in duba na ƙaramin zafi. Wai mi ya sa sai an gasa abin haka, ba aikin katalis ba ne ya rage wahalar?

Injiniya Daurawa:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Katalis hanzari kawai yake ƙara ma haɗin, ba ya sauya inda zai tsaya. Haɗa mitan da tururi a kan katalis ɗin ƙarfen nikel haɗi ne mai shan zafi, in kika sauko wajen 500 sai kaɗan daga gas ɗin ya juye, sauran ya wuce abinsa ko da katalis ɗinki na zinari ne. Shi ya sa wasu ke sa siririn bangon ƙarfen faladiyom cikin tukunyar, haidurojin kaɗai ke ratsa shi, ana janye shi haɗin na ci gaba don ya cike gurbin, amma faladiyom fa ba kuɗin yara ba ne. Wancan haɗin tururi mai zafin 700 zuwa 1000 dai shi masana'antun taki ke yi, har na Dangote a Legas, daga gas a samu haidurojin a yi amoniya sannan yuriya, buhun da muke bi a kasuwa ke nan.

Abba mai janareto:
Ni dai ban gane komai ba wallahi, amma in taki zai sauko ku ci gaba 😂

Malam Sani Kemis:
Ummi ki duba ɗayar hanyar, fasa mitan ba tururi, haidurojin ya fita gawayi ya rage, babu hayaƙin kabon. Ba katalis sai an haura 1000, da nikel kuwa wajen 500 zuwa 600 ya isa, sai dai gawayin nan kwanciya yake kan nikel ɗin har ya toshe shi, Abba ka san yadda fulogi ke yin baƙi injin ya ƙi tashi? to haka. Lokacin ina digiri na biyu na gani da idona, hodar da muka zuba koriya-koriya, da muka buɗe bututun ta koma baƙa ƙirin ta kumbura kamar an zuba toka da kunkunniya, gas na shiga yana fita yadda ya shiga. Akwai kamfanin Hazer a Ostireliya, su da tamar ƙarfe suke yi, tana son zafi fiye da nikel amma arha ce, in ta mutu ba a kuka.

Ummi_Kofar_Soro:
Na gode sosai Malam, Allah ya ƙara ilimi. To in da gas ɗin kashin shanu zan gwada fa, tunda shi muke da shi?

Malam Sani Kemis:
Sai kin tace shi tukuna, warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da kike ji sulfa ce, kuma kaɗan ɗinta ta isa ta kashe nikel.