Ina neman shawara kan makara zuwa aiki daga Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina zaune a Rijiyar Zaki a Kano, ina aiki a wani kamfani a Bompai, inda ake ɗauke rajistar sa hannu da ƙarfe 8:00. Kullum ƙarfe 6:30 nake fitowa, amma sai in daɗe tsaye a Kabuga, masu Adaidaita Sahu suna tambayar inda za ni, da na ce Bata, wato hanyar zuwa Bompai, sai su girgiza kai su wuce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba sa son doguwar tafiya, kuɗin shata kuwa ya fi ƙarfin albashina. An riga an ba ni takardar gargaɗi sau biyu. Shin akwai wanda ya taɓa ƙulla yarjejeniyar wata-wata da direba ɗaya, kuma yaya ake biyansa ba tare da ya saɓa alkawari ba?