Na kai kuɗin kayan Sallar dangin miji gidan marayu, yanzu Hajiya ba ta sakar min fuska

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata bakwai da aure, muna Kaduna, dangin maigida suna Kano. Duk ƙaramar Sallah ni nake yi wa Hajiyarsa da ƙannensa mata uku kayan Sallah daga albashina, ba wanda ya sa ni. Tun kafin azumi nake aiken wata Kantin Kwari ta zaɓo turame masu kyau. Bara atamfar da na ba autarsu, da idona na gan ta a jikin mai yi musu wanke-wanke, ko wata biyu ba a yi ba. Shekarar da ta gabace ta kuma ta tsakiyar ta ce a gabana wai roba ce, alhali na san abin da na biya. Ban ce uffan ba. To bana sai na tattara kuɗin, naira dubu 180, na kai wani gidan marayu aka ɗinka wa yara kaya, na tura wa kowaccensu saƙo cewa na yi sadaka da sunanta. Tun ranar, in na kira Hajiya sai ta ce "lafiya lau" ta kashe. Autar ta turo min wai "mu ma marayu ne". Ga babbar Sallah na tafe, a can za mu yi. Yaya zan yi?

Maman Ilham: 'Yar uwa, maigidan ya sani kafin ki yi?

Abu Sumayya: Malama, Allah ya karɓa, amma kin yi kuskure. Sadaka ga miskini lada ɗaya ce, ga ɗan uwa biyu ce, sadaka da zumunci. Nana Maimuna ta 'yanta baiwarta, Manzon Allah (SAW) ya ce mata da kawunnanta ta ba, da ladanta ya fi girma. 'Yanta baiwa fa! Balle ɗinkin Sallah.

Mai tambaya: Malam, ai ba mabuƙata ba ne. Hajiya gidanta na kanta ne, har da haya take karɓa.

Abu Sumayya: To in ba mabuƙata ba ne, kyauta ce kike yi musu, kuma kyauta daban, sadaka daban. Wanda kika saba ba wa turmi, kika aika masa da lada a waya, me zai ɗaura ya je idi? Sadakar da muka fi sani ana yi wa wani ita ce ta mamaci, kamar rijiyar da Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa don mahaifiyarsa bayan ta rasu. Hajiya da ranta. Ki auna yadda saƙon nan zai faɗa a kunnen tsohuwa.

Ummu Khalil: Ni dai ban ga laifinta ba. Dangin miji ko hanta za ka yanka musu ba sa godiya. Ni da na kai wa uwar mijina leshi, tambaya ta yi nawa ne, ta ce na kishiyata ya fi nauyi. Shekara huɗu ke nan ban sake ba, kuma ban mutu ba. Kada ki ba kowa haƙuri, guminki ne.

Baban Walid: Ke kin tabbata ma kayan sun kai ga yaran? Mu an taɓa karɓar mana kuɗi a unguwa, aka jera yara aka ɗauki hoto aka sa a Facebook, bayan Sallah muka ji rabin shaddar ta koma kasuwa.

Mai tambaya: Na ga hotunan, kuma ƙawata ce ta haɗa ni da su.

Baban Walid: Mu ma hotunan muka gani.

Hajiya Yaya: 'Yata, gaya min gaskiya. Taki mahaifiyar, ita ma lada kika aika mata?

Mai tambaya: Mama daban ce, Hajiya. Ita na saya mata, don ita in ban yi mata ba babu mai yi.

Hajiya Yaya: To kin ji. Kuma kina zaton labarin bai kai Kano ba? Ba turmin ne ya dame ta ba. Maƙwabta za su shigo barka da Sallah su tambaya me matar ɗanta ta aiko, ta ce musu saƙon waya? Ki sayi turmi ɗaya da goro da turare, ki je ki durƙusa. 'Yan matan ki bar su.

Abu Sumayya: A'a Hajiya, duka huɗun za ta yi wa, in ba haka ba ta buɗe wata ƙofar. Kuma ta gyara niyya, don a bayaninta atamfar bara ta fi marayun yawa.

Mai tambaya: Malam, zuciyata Allah ne ya sani. Kuma kuɗin sun riga sun tafi, ga na makarantar yara a gaba. Ni abin da nake tambaya, in na ba da haƙuri ba ya nuna sadakar ce laifi ke nan?

Ummu Khalil: Shi ya sa na ce ki yi shiru abinki.

Maman Ilham: Har yanzu dai ba ki ce mana maigidan ya sani ba.