Murhun lantarki mai saman baƙin gilashi: abin da muka gani a gidajenmu na Kumasi

Uwargida daga Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da ɗana ya kawo mini murhun lantarki mai saman baƙin gilashi, kuma har yanzu ina ɗari-ɗari da shi. Shekaranjiya ina dafa wake da shinkafa, ruwan sanyi ya kife a kan wurin da ya yi jajur, na runtse ido ina jiran ƙarar fashewa, amma sai tururi kawai ya tashi, ko tsaga babu. Ni kuwa na taɓa ganin kofin gilashi ya dare gida biyu don an zuba masa ruwan zafi. Waɗanda suka daɗe da irin wannan murhu su faɗa mini abin da suka gani, musamman wajen tuƙin tuwo.

Mai gyaran kayan lantarki, Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ke saman murhunki ba gilashin taga ba ne, gilashin tangaran ne. Ana narka shi a zuba kamar kowane gilashi, sannan a sake gasa shi a hankali har ƙananan ƙwayoyin kiristal su fito a cikinsa. Idan zafi ya taɓa shi, ƙwayoyin suna ɗan tsukewa yayin da ragowar gilashin ke buɗewa, sai su kashe juna, farantin ya tsaya kusan yadda yake. Kofi yana fashewa ne saboda cikinsa ya buɗe alhali bayansa bai motsa ba. Wani masani mai suna Donald Stookey ne ya gano gilashin tangaran a kamfanin Corning na Amurka a 1953, lokacin da tandarsa ta zarce daga digiri 600 zuwa 900, kuma da gilashin da yake gasawa ya suɓuce ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Kamfanin Schott na Jamus ya fitar da na saman murhu da sunan Ceran a 1971. A duk waɗanda aka kawo mini gyara, ban ga wanda ruwa ya fasa ba. Daga gefe suke tsagewa, inda wani abu mai nauyi ya faɗo.

Mai alewar gyaɗa, Sabon Zango: Yaya Hajiya, ni sukari ne ya cuce ni. Ina narka shi sai ya tafaso ya zubo, na ce bari ya huce in kankare. Da na kankare washegari, sai ya taso da ɓarɓashin gilashin, ya bar ƙananan ramuka uku da nake ji da yatsa har yau, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da nake goge murhun. Yanzu reza mai mariƙi tana kusa da ni, ina kashe wuta in ɗebe sukarin tun yana da zafi.

Malamar makaranta, Tafo: Mama, tuwo yana tuƙuwa, amma sai an sauya hannu. Tukunyar dalma mai zagayayyen gindi ba ta zama daidai, zafin ba ya kama ta, kuma idan muciya ta yi ƙarfi tana gurzar farantin. Na koma tukunya mai shafaffen gindi, ina riƙe ta da tsumma don kada ta motsa. Lokacin hunturu nakan goge saman da gindin tukunya kafin in ɗora, domin ƙwayar yashi ɗaya ta ja mini dogon zane da ya ƙi fita. Nawa murhun mai aiki da maganaɗisu ne, shi ya sa nake zuwa kasuwar Kejetia da ɗan maganaɗisu a jaka. Tukunyar da bai manne mata ba, ba na saya.

Mai gyaran kayan lantarki, Asawase: Malama ta yi gaskiya, sai dai naki Hajiya, tunda yana yin ja, ba ya buƙatar wannan gwaji. Ki dai kula da jikoki, domin wurin yana riƙe zafi bayan jan ya ɓace. Idan kuma ya tsage, ki cire shi daga wuta nan take, saboda miya na iya bi ta tsagar ta sauka kan waya.

Uwargida daga Aboabo: Allah ya saka muku da alheri. Na sauke kwalaben yaji da turmin ƙarfe daga kantar da ke saman murhun, gobe kuma zan gwada tuwon masara a shafaffiyar tukunya.