Ƙirƙirarriyar basira a aji: abin da masu aikin suka ba da shawara

Malamai da masu ƙera manhaja da masu tsara doka bakinsu ya zo ɗaya: na'ura ta yi daftari, mutum ya yanke hukunci. In malami zai sa ChatGPT, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, fitar da tambayoyin jarrabawa, ya liƙa masa darasin, ya faɗi aji da yawan tambayoyin, sannan ya warware kowacce da hannunsa. Manhajar hasashen kalma ta gaba take yi, shi ya sa takan shararo amsa mai kyan gani alhali kuskure ce, har da sunan littafin da babu shi.

Sun fi jan hankali a kan manhajojin gano rubutun na'ura. Kada a kayar da ɗalibi da hukuncinsu kaɗai, zalunci ne. OpenAI ma, wadda ta ƙera ChatGPT, ta janye tata a 2023 saboda yawan kuskure. Gara a duba daftarin ɗalibin na farko, a yi masa tambaya baki da baki ta minti biyar.

Sunan yaro da makinsa kada su shiga manhaja, kamfani kuma ya rubuta a yarjejeniya inda yake ajiye bayanai da ranar goge su. UNESCO a 2023 ta ba da shawarar kada yaro ya fara amfani da irin waɗannan manhajoji a aji kafin shekara 13.