Shawarwarin masu tara takardun kuɗi masu hoton ƙudan zuma

Yawanci dai sun ce sabon shiga ya fara da kurona 100 ta Suwidin, wadda a bayanta akwai ƙudan zuma a kan fure, ko gilda 50 ta Holan ta 1982 mai furen sanfulawa, itama akwai ƙudan zuma a jiki. Duka an daina kashe su, don haka lafiyar takarda ce ke sa farashi, kar a yi mata laminashin, kar a goge da ayan wallahi lalata ta kawai zaka yi, a ajiye a albam nesa da danshi. Wani ya ce a ɗaga ta a haske a duba alamar ruwa, wato hoton da ke ɓoye cikin takardar wanda sai a haske yake fitowa, kafin a biya, ni wannan na fi riƙewa saboda jabu ta yi yawa.